Amsa ga wani uba a Jos: shin 'yan feminis ne suka raba ni da 'ya'yana?

"Assalamu alaikum Barista. Dan Allah shawara nake nema. Ni ɗan kasuwa ne a Taminus, ina zaune a Anguwar Rogo. Mun rabu da matata sama da shekara ɗaya kenan, yaranmu biyu, namiji ɗan shekara 6 da mace 'yar shekara 3, suna wajenta a gidan iyayenta a Rikkos. Duk wata ina tura kuɗin abinci, ni nake biyan makaranta, amma yau wata takwas ban sa su a ido ba. In na je sai a ce sun fita, in na kira sai a kashe wayan. Wani ya ce min ko kotu na je uwa za a ba. Kwanan nan ina kallon bidiyon wasu ƙungiyoyin iyaye maza na Amurka da Ingila, suna cewa 'yan feminis ne suka lalata kotuna suka maida uba ATM. Wallahi abin ya yi daidai da halin da nake ciki. Shin da gaske su ne matsalar? Kuma ni da wasu abokaina muna tunanin kafa irin wannan ƙungiya a nan Jos, ya ka gani?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya haɗa ka da yaranka cikin alheri. Wata takwas ba wasa ba ne, musamman ga yarinya 'yar shekara 3 da a wata takwas ɗin nan bakinta ma ya canza, ta koyi maganganun da ba ka ji lokacin da ta fara faɗansu ba. Dan haka tun farko ina so ka san ban ɗauki kukanka da wasa ba.

In na fahimce ka, abu uku kake tambaya ko da yake biyu ka rubuta. Kana so ka san ko masu rajin kare haƙƙin mata ne suka gina katangan da ke tsakaninka da yaranka, kana so ka san ko kafa ƙungiya zai yi amfani, sannan can ƙasan zuciyarka abin da ya fi damunka shi ne yaya za ka yi ka ga yaran nan. Amsata a taƙaice: zaluncin da kake kuka da shi gaskiya ne, yana faruwa, na gan shi da idona ba sau ɗaya ba, amma in ka ɗora shi a kan 'yan feminis a ƙasar nan toh an bar jaki ana dukan taiki. Bari in yi maka bayanin dalili, zan ɗan ja da nisa, ka yi haƙuri.

Yadda abin ya faro a can

Mutane da yawa ba su san cewa a Ingila ta da, uba ne ke da yara ɗari bisa ɗari ba. Matar aure ba ta da ko ƙwayar haƙƙi a kan ɗan da ta haifa in aure ya lalace. Akwai wata mata Caroline Norton, mijinta ya kwashe 'ya'yanta maza uku ya hana ta ganinsu, ta yi ta rubuce-rubuce tana bin 'yan majalisa har aka yi dokar 1839 wadda ta ba uwa damar neman riƙon yaran da ba su kai shekara 7 ba da kuma neman izinin ganin manyan. Ita kanta ba ta more dokar sosai ba dan mijin ya kai yaran Sikotland, ƙaraminsu ya faɗo daga kan doki ya rasu kafin ta iso wajensa. Ka ga kenan wadda ta fara wannan kukan na "an hana ni ganin 'ya'yana" a tarihin dokarsu mace ce, kuma kukanta da naka iri ɗaya ne sak.

Daga nan ne a hankali alƙalansu suka koma ɗaya gefen, suka ɗauka cewa ƙaramin yaro wajen uwa ya kamata ya zauna, ita ce mai reno shi kuma uba ya fita nema. Lura da kyau, wannan tunanin ba na feminizim ba ne, tunanin gargajiya ne na cewa mace ta gida ce. Da saki ya yawaita, musamman bayan jihar Kalifoniya ta fara dokar rabuwa ba tare da sai an ɗora wa wani laifi ba a 1970, sai maza da yawa suka farka suka ga kansu a waje, suna biyan kuɗi amma ganin yara sai ƙarshen sati bayan sati biyu, wani ma babu. Nan ƙungiyoyin iyaye maza suka fara fitowa. A Ingila an kafa Families Need Fathers a 1974. Daga baya Fathers 4 Justice suka zo da salon jan hankali, a 2004 suka watsa wa Firaminista Tony Blair garin fulawa mai kala a cikin majalisa, a shekarar dai wani ɗansu ya sa kayan Batman ya haye bangon fadar Buckingham.

Abin da masu bidiyon nan ba sa faɗa maka shi ne a farko tafiyar ba gaba ba ce. A Amurka akwai wani mutum Stephen Wiesenfeld, matarsa malamar makaranta ta rasu wajen haihuwa ta bar masa jariri, ya nemi tallafin da gwamnati ke ba matan da miji ya mutu ya bar su da yara dan ya samu ya zauna ya reni ɗansa, aka ce ai na mata ne kawai. Wa ya tsaya masa har Kotun Ƙoli ya ci shari'ar a 1975? Ruth Bader Ginsburg, ɗaya daga cikin manyan lauyoyin haƙƙin mata a tarihin ƙasar. Hujjarta ita ce dokar da ta ce reno aikin mace ne kaɗai tana cutar mace tana cutar namiji. Karen DeCrow da ta shugabanci NOW, babbar ƙungiyar matan Amurka, daga 1974 zuwa 1977, ta ƙare rayuwarta tana goyon bayan a raba riƙon yara tsakanin uwa da uba. Shi kansa Warren Farrell da 'yan rajin maza ke ɗauka kaman uba a tafiyarsu, a cikin shugabannin reshen NOW na birnin New York ya fara.

Toh ina aka saɓa? A kan wannan maganar ta a ce doka ta ɗauka kai tsaye cewa rabi da rabi za a yi a riƙon yara. Maza suka ce ai adalci kenan, in ba haka ba uba na zama baƙo a rayuwar ɗansa. Ƙungiyoyin mata da yawa suka ce a'a, akwai mazan da duka ne ya kashe aurensu, in ka tilasta rabi da rabi ka ɗaure matar da yaran a hannun wanda ta gudu daga gare shi, kuma akwai wanda bai taɓa yi wa yaro wanka ba sai da aka zo maganar kuɗin ciyarwa ya tuna yana son riƙo. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa a nan kuma har yau ba a gama ba. Jihar Kentucky ta sa rabin-da-rabin a dokarta a 2018. Ostireliya ta sa wani abu mai kama da haka a 2006, na cewa uwa da uba su yi tarayya daidai wajen yanke shawara a kan yaro, sai ga shi ta cire shi da gyaran dokar 2023 saboda yadda abin ke juyewa a gidajen da ake duka. Wannan rigima ce ta gaske tsakanin mutane masu hankali. Amma kuma akwai wani ɓangare na tafiyar da ya bar maganar yara gaba ɗaya ya koma tsanar mata zalla, kuma abin takaici su ne suka fi cika intanet, dan zagi ya fi jan masu kallo.

Namu gidan daban ne

Yanzu dawo Jos. Kai Musulmi ne, da sadaki da waliyyi da shaidu aka ɗaura aurenka, dan haka in maganarku ta je gaban alƙali kotun yanki za ta je, kuma da fikihun Malikiyya za a duba ta, in an ɗaukaka ƙara a tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha. Wanda ya ce maka "uwa za a ba" bai yi ƙarya ba, amma tambayi kanka daga ina hukuncin ya fito. Buɗe Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da ake karantawa a zaurukan malamanmu, marubucinta ya rasu tun shekara ta 386 bayan hijira, sama da shekara dubu kenan. A ciki ya ce riƙon yaro bayan saki na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta yi wani aure, riƙon ya koma wajen kaka, sannan 'yar'uwar uwa. A tsarin Malikiyya uba yana can baya a layin hadana, wato riƙon yaro. Asalin abin hadisi ne, na matar da ta zo wajen Annabi (SAW) tana cewa cikinta ne ya ɗauki yaron, nononta ya sha, cinyarta ce makwancinsa, yanzu ubansa ya sake ta yana so ya ƙwace shi, ya ce mata ke kika fi cancanta da shi matuƙar ba ki yi aure ba. Kuma a Muwaɗɗa akwai labarin Sayyidina Umar da ya tarar da ɗansa Asim yana wasa a Ƙuba ya ɗauke shi ya ɗora a kan dabbarsa, kakar yaron ta wajen uwa ta biyo shi, suka je gaban Sayyidina Abubakar, ya ce wa Umar ya bar mata yaron, Umar bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Babu 'yar feminis ko ɗaya a wannan labarin.

Amma fikihun da ya ba ta riƙo bai ba ta ikon ɓoye maka yara ba, wannan shi ne wurin da ake cutarka. Hadana daban, walicci daban. Kai ne waliyyinsu, sunanka suke amsawa, ciyarwa da tufatarwa da magani da karatu a wuyanka suke. A Mukhtasar na Khalil an faɗa ƙarara cewa uba yana da haƙƙin bibiyar ɗansa, da tarbiyyarsa, da tura shi makaranta, ko da yana hannun uwa, sai dai asali kwana a wajenta yake yi. Sannan ayar nan ta 233 a Suratul Baƙara ta ce kar a cutar da uwa saboda ɗanta, kar kuma a cutar da uba saboda ɗansa. Dukkan biyun a aya ɗaya. Dan haka wanda ya ce maka "sun fita" alhali kana jin muryarsu a tsakar gida, ba addini ya bi ba, ba doka ya bi ba, son zuciya ne kawai.

'Yan'uwanmu Kirista da ke karanta wannan, in auren rajista ne Babbar Kotu za a je, kuma sashe na 71 na dokar shari'o'in aure ta 1970 ya ce maslahar yaro ce a gaba da komai. Kotun Ƙoli a shari'ar Odogwu da Odogwu ta 1992 ta nuna cewa ƙaramin yaro galibi ya fi samun kwanciyar hankali wajen uwa sai in an kawo hujjar akasin haka. A auren gargajiya kuwa yawancin al'adu uba suke ba yara, amma a shari'ar Okwueze ta 1989 kotun ta ce ba za a bi wannan ba in zai cutar da yaron. Akwai kuma Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da ke aiki a Abuja, Filato ta yi tata a 2005, ita ma ta ba uwa ko uba damar neman riƙo ko izinin ziyara.

Abin da nake gani a ofis

Gaskiyar da zan faɗa maka mai ɗaci ce amma dole. A shekarun da na yi ina wannan aikin, masu zuwa min da kukan an raba su da yara mata sun fi yawa nesa ba kusa ba. Al'adarmu ta Hausa ba ta bin Risala a wannan wurin. Abin da aka saba shi ne ana yaye yaro uba ya aiko a ɗauko masa abinsa, a kai wa kaka ko gwaggo ko a miƙa wa matar uba, ana cewa ai ɗa na uba ne, ba zan bari ɗana ya zama agola a gidan wani ba. Sai kuma kashi na biyu, mazan da ke barin yaran wajen uwa su ɓace, ko sisi, sai ranar da yarinya ta samu miji a ga uba ya fito da babbar riga.

Ni kaina a irin wannan gidan na tashi. Ina shekara 2 da 'yan watanni aka ɗauke ni daga wajen mahaifiyata. Abin da na fi tunawa ina firamare shi ne lokacin tara, akan ce min wata mata na kirana a bakin wayan da aka kewaye makaranta da shi, in je in same ta ta rufe fuska da mayafi kaman mai laifi, ta miƙo min ƙosai a ƙunshe cikin takarda ta ramin wayan, ta taɓa min kai da yatsu biyu dan hannun ba ya shiga duka, ta ce kar ka faɗa a gida. Allah ya jiƙan mahaifina, mutumin kirki ne, abin da ya tarar ana yi ya yi. Amma har na girma ban daina jin wannan abin ba, kuma shi yasa in uba ya zo min da irin kukanka ba na iya kallonsa a matsayin fayil kawai, na san me yaron ke ji ta ɗaya gefen wayan.

Matan da ake kira 'yan feminis a Arewa, da waɗanda ma ba sa son sunan, yawancin aikinsu a kan waɗancan kashi biyun yake. Ƙungiyar WIN, wato Women in Nigeria, da aka kafa bayan taron Zariya na 1982 har maza take ɗauka mambobi. FOMWAN ta 1985 ƙungiyar mata Musulmi ce da ta fi ƙarfi a makarantu da asibitoci. Ƙungiyoyin kare haƙƙin mata BAOBAB ta 1996 da WRAPA ta 1999, in ka duba abin da suke nema wa matar da aka saka a Arewa, sau da yawa abin da fikihu ya riga ya ba ta ne al'ada ta hana. Kuma maganar wai sun ƙwace ƙasa, ɗan'uwa duba da kanka: Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudirin daidaiton jinsi a 2016, a watan Maris na 2022 majalisar tarayya ta kayar da ƙudirorin mata guda biyar har mata suka yi kwanaki a ƙofar majalisa a Abuja. Waɗanda ba su iya wuce da ƙudirinsu ba, ba su ne suka juya kotun yankin garinku ba. Dokar VAPP ta 2015, wato dokar hana cin zarafin mutane, da suka yi ta fafutuka a kai ma, ta amince cewa namiji ma ana iya cin zarafinsa, kuma laifin watsar da iyali ba abinci a cikinta ya hau kan mace ya hau kan namiji.

Ba kuma ina wanke su tas ba ne. Akwai masu rubutu a Facebook da X da duk namiji a wajensu azzalumi ne tun kafin ya buɗe baki, kuma na sha jin takaicin yadda in mace ce ta maida yara makami sai wasu masu rajin su yi shiru kaman ba su gani ba. Wannan kuskure ne, ina faɗa musu a gabansu. Matar da ke zuba wa yaro ƙiyayyar ubansa tana cutar yaron kafin ta cuci uban.

Wani mutum da na taɓa tsayawa wa, direba ne, ya yi sama da shekara bai ga ɗansa ba. Ranar da aka sasanta aka kawo yaron harabar kotu, ya zo da leda a hannu, takalmin sallah ne da ya saya tun sallar da ta wuce ya ajiye. Ya durƙusa a ƙasa gaban mutane yana ƙoƙarin sa wa yaron, ƙafar ta ƙi shiga, yaron ya girma. Ya yi ta turawa yana cewa zai shiga zai shiga, yaron kuma yana kallon uwarsa yana neman izini da ido ko ya tsaya ko ya gudu. Wallahi har magatakardan kotun sai da ya kau da kai. A wannan kes ɗin ba wata aƙida daga Turai, abin da ya faru shi ne ranar sakin ya zagi surukinsa a ƙofar gida gaban maƙwabta, tsohon ya rantse ba zai ƙara taka masa gida ba. Da ya je da baffansa ya ba da haƙuri, rabin shari'ar ta ƙare.

Yawanci haka abin yake. Ko dai zafin yadda aka rabu ne bai huce ba, ko tsoro ne, suna ganin in suka ba ka yaran na yini ɗaya ba za ka dawo da su ba dan sun ga an yi wa wasu, ko rigimar kuɗi ce, kai kana ganin kana turawa su suna ganin abin da kake turawa bai kai ko kuɗin madara da famfas ba a tsadar yanzu, ko kayan ɗakinta da ba a maida ba, ko kuma wata a gidan, uwa ko yaya, ita ke hura wutar. Ni ɓangarenka kaɗai na ji, ban ji nata ba, kuma aikin nan ya koya min kar in yanke hukunci da kunne ɗaya. In akwai duka ko barazana a tarihin aurenku, kai ka sani, toh tsoronsu yana da tushe kuma gyaran daga wajenka zai fara.

Abin da zan ce ka yi

Kar ka tsayar da kuɗin nan ko da wata ɗaya ne. Na san zuciya na raya maka haka, amma ciyarwa haƙƙin yaran ne ba kuɗin tikitin ganinsu ba, kuma ranar da ka tsaya gaban alƙali alat ɗin nan na wata takwas su ne lauyanka na farko. Ka dinga turawa ta banki kana rubuta dalili, kuɗin makaranta ka biya kai tsaye ka riƙe rasit. Kar ka je makaranta ka ɗauke su ba da saninta ba, na ga wanda ya yi haka ya kwana a ofishin 'yan sanda kuma ya rasa ɗan tausayin da alƙali ke masa. Kar ka kai maganar Facebook, abin da ka rubuta yau ɗanka zai karanta wata rana.

Ka fara da manya. Ka samu baffanka ko wanda ya karɓa maka auren, su je wajen waliyyinta, in da hali da limamin unguwarsu ko mai unguwa. In akwai haƙurin da ya kamata ka bayar ka bayar, ba ya rage maka komai. Kuma ka faɗa da bakinka a gaban shaidu cewa ba ƙwace yaran ka zo yi ba, ganinsu kake so. Wannan jimlar kaɗai ta sha buɗe ƙofofin da sammaci bai buɗe ba.

In an zauna kar a tashi da "ai ba komai, duk lokacin da ya ga dama ya zo", wannan maganar ba ta kai sati uku. A rubuta. Wace rana, ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, a ina, wa zai kawo su wa zai maida su, ƙaramar sallah wajen wa babbar sallah wajen wa, hutun makaranta fa, wane lokaci za ka dinga kira a ba su waya, in yaro ba lafiya cikin awa nawa za a sanar da kai, nawa za ka dinga bayarwa kuma ranar nawa ga wata. Da farko ka yarda da kaɗan, ko awa biyu ne ranar Asabar a gidan wata gwaggo da kowa ya yarda da ita, dan 'yar ƙaramar sai ta sake sabawa da kai, in aka ga kana dawo da su a kan lokaci kwana zai zo da kansa. Sannan a kai takardar kotu ta zama hukuncin sulhu.

In duk wannan ya ƙi, ka shigar da ƙara a kotun yanki, amma ka nemi haƙƙin ziyara da kula da karatunsu, kar ka nemi a ƙwace riƙo sai in kana da hujja ta gaske cewa yaran na cutuwa a can, dan in ka nemi abin da ba naka ba za ka faɗi kuma ka ƙara musu tsoro. In ba ka da kuɗin lauya akwai Legal Aid Council, akwai ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam a nan Jos, akwai sashen walwalar jama'a na ma'aikatar mata, har FIDA ta mata lauyoyi tana zaman sulhu a saurari kowane ɓangare. Sai dai kar in yaudare ka, takardar kotu ba ta sa a yi maka fara'a a ƙofar gida, kuma tilasta bin odar ziyara yana da wahala a tsarinmu, sai ka yi ta komawa. Shi yasa nake matsa maka a kan sulhu. Sannan ni lauya ne, abin da ya shafi rassan fikihu kaman in ta yi aure ko in ɗayanku zai ƙaura wani gari mai nisa, akwai bayanai a kai, ka zauna da malamin da ya san babin hadana ka kai masa naka yanayin dalla-dalla.

Maganar ƙungiya kuwa ni ina goyon baya, har zan zo in an kira ni, dan maza na haɗiye irin wannan baƙin cikin su kaɗai har ya zama hawan jini. Amma kayan aro ba ya rufe katara, kar ku kwafo fushin wasu da aka gina a kan dokar da ba tamu ba. Ku sa sharaɗi, duk wanda zai shiga ya nuna shaidar yana ciyar da yaransa, kuma ba a zagin uwar 'ya'yan kowa a guruf. Wanda ya ƙwace yaro daga uwa ya hana ta gani, ku ma ku ce masa ya yi kuskure, in ba haka ba ba wanda zai ɗauke ku da muhimmanci. Ku nemi abubuwan da za a iya taɓawa: duk sakin da ya je kotu a rubuta tsarin ziyara tare da na ciyarwa, makarantu su dinga ba uwa da uba sakamakon yaro su biyun, limamai su yi huɗuba a kan hadana yadda take a littafi. Ko hutun haihuwa na maza, Suwidin ta fara ba uwa da uba hutun tare tun 1974, gwamnatin tarayya a nan ta amince da kwana 14 ga ma'aikatanta maza a 2021. Ku je wajen FOMWAN ko FIDA ko JNI da irin waɗannan buƙatun.

Ranar da Allah ya sa aka kawo maka su, ƙaramar za ta iya ƙin zuwa wajenka, ta maƙale a jikin wanda ya kawo ta. Kar ka ji haushi, kar ka ce an zuga ta, ka zauna a ƙasa ka bar ta ta zo da kanta. Kar ka tambayi babban me ake faɗa a kanka a gidan. In za ka saya musu takalmi ka aika a tambayo maka lambar ƙafarsu ta yanzu tukuna.